Gidan da Baba Bai Saya Ba

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni ce Hadiza daga Garwa, bara na gama lekol, wato makarantar boko. Wannan ce wasiƙata ta farko.

Tun da fari ya kashe shanu, mutane suke sayar da gidajensu da araha. Babana mahauci ne, mun daɗe muna haya. Dillali ya kai mu wani gida kusa da kogi. Da yake akwai matan aure a ciki, Baba ya tsaya a zaure, ya ce in shiga in dubo rijiya.

Ina shiga na ga gadaje a kan duwatsu, ga shatin ruwa a bango har ƙuguna. Wata tsohuwa ta ce, "'Yata, fari ne ya rufa mana asiri. In damina ta yi kyau, a kan tebur muke girki."

Nan na gane ruwan kogi yana shiga gidan. Na fito ana shirin sallamawa. Ni da ba na iya ɗaga ido gaban manya, na ce, "Baba, kada ka saya." Dillali ya ce, "Malam, yarinya ce za ta yi maka ciniki?" Baba ya ce, "Ita ta shiga, ni ban shiga ba."

Yanzu mun sayi namu a kan tudu, a Djamboutou. Duk mai sayen gida cikin wannan matsi, ya tafi da mace ta gano masa ciki.

Ina gaida ƙawata Asabe a Mokolo. Asabe, ki zo, yanzu akwai wurin kwana!