Gwiwa ko ambaliya

A tashar bas ta unguwar Thamesmead, washegarin wata guguwa, wata dattijuwa ta ja wani magidanci da hira.

"Matakalar benen flat ɗinmu ta gama da gwiwata, ɗana. Na roƙi council, hukumar da ta ba mu gidan, su sauko da ni ƙasa."

"Mama, ai da gangan aka ɗaga gidajen. In guguwa ta turo ruwan teku cikin kogin Thames, nan zai nufo."

"Teku? Har nan?"

"Ga kogin can bayan bango. Jiya ba ki ji iska ba?"

"Na ji, na kuma sha barcina. A Lokoja kuwa, kan katifa ambaliya ta same ni."

"To, a sauko da ke ɗin?"

"Kai, rufa mini asiri! Gwiwa ai tana jin man zafi."