Ranar da Na Ji Ɗacin Shuwaka

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana matan zumunta.

Ni ce Maman Talatu mai abinci a Mpape, kusa da inda ake fasa dutse. Tunda nake girki ban taɓa auna gishiri ba. In ɗiga miya a tafin hannu, in lasa, shi ke nan. Kuma ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Maƙwabciyar rumfata, Maman Ladi, ta sha zolaya a wurina, har nakan ce miyarta ruwan wanke tukunya ce.

Bara na kwanta zazzaɓi. Na tashi, harshena bai tashi ba. Na lasa miya, na ji salam. Na ƙara gishiri, salam. Na sake ƙarawa!

Wani direban tifa ya ture kwano ya ce, "Madam, wannan miya gishiri ya yi oba fa. Lafiya?" Na ce bakinsa ne. Kafin sati biyu bencina ya zama wayam.

Tsoro ya kama ni. Ko mijina ban gaya wa ba. A asibiti aka ce wataƙila ɗanɗanon ya dawo, wataƙilar nan kuwa ta hana ni sakat. Ga shi ni aka ba girkin bikin godiyar kaka na ikilisiya. Da wane baki?

Ran Laraba wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, Fasto ya bayyana kalmar Helenanci da aka fassara da ɗanɗanawa. Ya ce ba lasar bakin cokali ba ce, shiga abu ne da jikinka gaba ɗaya, yadda Yesu ya ɗanɗana mutuwa dominmu. Na ga Shi a bainar jama'a Ya sha wahalarsa, ni kuwa ina ɓoye tawa. Na durƙusa ina kuka, na ce, "Ubangiji, na gaji da ƙarya. Ka taimake ni."

Washegari na je rumfar Maman Ladi. Na ce, "Maman Ladi, bakina ya mutu. Ki riƙa ɗanɗana mini."

Na jira dariya. Sai ta ce, "Ai na sani, kwastoma naki duka suna wurina. Kawo ludayi."

Sati uku tana barin tukunyarta ta zo ta ɗanɗana tawa.

Ranar bikin da safe ina wanke shuwaka, hannuna ya kai ganye baki kamar yadda ya saba. Ɗaci! Ɗaci har ƙeya! Na ƙwala ihu, Maman Ladi ta sheƙo a guje, ta zaci ƙonewa na yi.

Har yau zaƙi bai gama dawowa ba, kullum nakan lasa miya gabana na faɗuwa. Amma na gode wa Allah. 'Yar'uwa, in akwai abin da kike ɓoyewa, ki faɗa Masa, ki dogara gare Shi. Ni dai ɗaci Ya fara mayar mini, kuma ban taɓa jin abu mai daɗi kamarsa ba. Halleluya!