Kwamfuta Sha Bakwai a Shagon Gado

A bencin mai gyaran kwamfuta na ji mai shagon buga takardu yana yi wa wani malamin makarantar kwamfuta ƙorafi.

"Malam, da kwamfutocinmu biyar ne a haɗe, lafiya lau. Yanzu sha bakwai ne, kowa na ajiye aiki a tasa, ba wanda ya san inda aiki yake. Katin bikin gobe na cikin ta ƙanena, ya kashe ta ya tafi."

"Alhaji, wannan haɗin kowa-da-nasa ba ya wuce guda goma. Sayi babba ɗaya ta riƙe aikin kowa."

"A teburin wa? Mu huɗu muka gāji shagon daga mahaifinmu."

Malamin ya yi dariya. "To me ya kawo ka wajen mai gyara?"

Alhaji ya miƙe. "Yau zan sayo ta, in kulle a ɗaki, in ba Inna makullin. In ga mai kashe ta."