Kubura a Ƙarƙashin Teku

Wanda ya shiga teku da matarsa, ya bar ta a baya yana bin kunkuru da kyamara, bai kyauta ba. A tashar bas ta Manchester na ji shi, ya tare wata ɗaliba mai rataye da kyamara.

"'Yata, na ji kina Hausa. Dubi bidiyon nan, ko zai gyaru? Da ƙaramar kyamara na ɗauka, lokacin da muka yi nutso a Masar."

"Uncle, ai komai shuɗi ne. Ruwa yana shanye jan launi. Ina fitilarka?"

"Na bar ta a hotel, nauyi gare ta."

"Kunkurun dai ya fito, don ka matsa kusa da shi. A cikin ruwa, sai ka kusa taɓa abu yake fitowa. Wannan inuwar ta baya fa?"

"Kubura ce, matata. Ita ta nace mu koyi nutso. Hannu take ɗago min."

"Ba ka juya wajenta ba?"

"Na ce kullum ina ganinta a gida, kunkuru kuwa sai ranar."

"To ku koma mana."

"Ta rasu da azumin bara. Idanunta kawai nake so ki fito min da su."

"Allah ya jiƙanta. Uncle, abin da kyamara ba ta kama ba, editing, wato gyaran bidiyo, ba ya kawo shi."

Hukuncinsa ke nan: kullum zai ga tana kiransa, ba zai taɓa gane fuskarta ba.