Ni Na Kawo Zaɓen Aduwa, Ni Ya Kayar

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ya ƙoƙari? Alhaji Sani mai kamiyo, wato babbar motar kaya, ne daga Attantané. Da amalanken jaki na fara, ban gaji kowa ba.

Bana damina ta ƙi, aka ba garinmu taimakon hatsi. Sai gardama ta tashi kan wanda zai riƙe makullin mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsin, don in ya faɗa hannun banza, wasu gidajen ba za su kai kaka ba. Mai gari ya ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so, yadda aka saba. Na ce a'a, wa zai ƙi surukinsa a gaban jama'a? A kafa zana, kowane ɗan takara da ƙwaryarsa, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙwallon aduwa.

Aka yarda. Na tsaya takara da Malam Idi, ladaninmu. Da aka juye, wallahi tasa ta fi tawa nesa ba kusa ba! Wani abokin wasana ya ce, "Alhaji, tuwonka muka ci, ba rantsuwa muka yi ba!" Abin ya yi mani zafi, amma na ba Malam Idi hannu, kuma kamiyona ya ɗauko hatsin. Ba gidan da rabo ya tsallake.

Don haka masu cewa talaka bai iya zaɓe ba, sai mulkin soja, ban yarda ba. Ranar da sojoji suka maido akwatin zaɓe, za su iske mu a shirye.

A gaishe mani da Malam Idi. Ya riƙe makulli da kyau, baɗi ina nan tafe.