Dashen Mangwaro a Motar Ikara

A tashar Makarfi muna jiran motar Ikara ta cika. Wani mai tabarau ya dubi dashen mangwaro biyu da ke cinyar matar da ke gefensa.

"Hajiya, wannan ai sai shekara biyar zai yi 'ya'ya. Kin duba kwanakinki kuwa?"

"A ina ake dubawa, Malam?"

"A waya. Ki sa shekarunki da nauyinki da hawan jini, sai ta lissafa miki abin da ya rage."

"Kai nawa ta ba ka?"

"Shekara huɗu. Shi ya sa na dakatar da ginina a Kudan. Wa zan gina wa?"

"Wayar da ba ta san lokacin mutuwar cajinta ba, ita ta tsayar maka da gini? Ni likita da bakinsa ya ce ba zan ga damina ba. Na ga tara."

"Lissafi ne na masana, Hajiya."

Ta ɗora masa dashe ɗaya a cinya.

"Ungo, je ka dasa. Gidana na bayan kasuwar Ikara, ka ce Gambo mai ƙuli. 'Ya'yan fari nawa ne, kuma da ƙafarka za ka kawo min."