Ruwan da Na Kurɓa Na Ce a Zuba

Bismillahir rahmanir rahim. Shugaban wanga zama, mai girma magajin gari, malamanmu, Sodangi shugaban masunta, manoman albasa na Malanville da Madekali, 'yan uwanmu da suka ƙetaro gada daga Gaya, maza da mata, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba tsoho magana, ko da yake tsohon ne ya jawo taron.

Na farko, laifina. Shekara arba'in ke nan, duk rijiyar da za a sa wa injin ban ruwa, ni Na-Allah ake kira in kurɓa. In na ji gishiri ko kanwa in tofar, a bar ta. In ban ji ba, a kai gona. Da motocin tanki suka zo daga kudu da ruwan da wata masana'antar sukari ke zubarwa, aka ce taki ne, kuma kyauta, Mati maƙwabcina ya miƙo mini ƙwarya. Na kurɓa, na ji zaƙi. Na ce, "Ku zuba. Tunda nake ban ga zaƙi ya kashe shuka ba." Gona goma sha ɗaya aka jiƙa bisa maganata.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Kwana shida albasa ta yi rawaya ta kwanta, ƙasa ta yi farin ɓawo. Ragowar ruwan ya gangara tabkin Sodangi, kifi ya taso ciki sama, babba da ƙarami. Sodangi ya iske ni ƙofar gida ya ce, "Baba, wai kai ka ɗanɗana?" Na ce ni ne. Ya ce, "To taso ka ɗanɗana kifin."

Na uku, Larai ɗiyar Issufu, wadda ta karanta ilimin ruwa a jami'a, ta kai kwalba ɗaya ta ruwan wurin awo, ta dawo da takarda. Ta ce, "Baba, zaƙin nan rufi ne kawai. Ƙarƙashinsa akwai gishiri, akwai tsami, akwai maganin wanke injin. Shi kansa zaƙin in ya ruɓe, cinye iskar da kifi ke shaƙa yake yi." Jama'a, gishiri ya bi ta harshena ban ji ba.

Na ce mata guba ce ke nan. Ta ce, "A'a, akwai abincin ƙasa cikinsa. A tara shi rami ya kwanta, a auna, a gauraya da ruwan kirki, sannan gona ta ci."

Ran Alhamis motocin za su komo. Wasunku sun ce a kore su, wasu sun ce a sake gwadawa tunda kyauta ne. Ni roƙona shi ne a gina rami nesa da kogi, kuma ko ɗigo kada ya shiga gona sai takardar awo ta yarda. Ba sai Na-Allah ya yarda ba.

Ga ƙwaryar da na kurɓa da ita nan, Larai, zo ki karɓa, ni na daina ɗanɗana ruwa. Ki auna gero da ita.

Allah ya maida wa masu gona, ya maida wa Sodangi, ya tsare mana koginmu, ya kai kowa gida lafiya. Na gode.